Ya ci gaba da jira a bakin ƙofa ko ya tafi Koriya?

Baban Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Yau ba Arsenal ko Madrid na kawo ba, shawara aka nema a wurina ta fi ƙarfina. Akwai wani dattijo Ba'amurke da muke aiki tare a nan North Carolina, shekara shida muna cin abincin rana a tebur ɗaya. Ɗansa ɗan wasan besbol ne, mai jifa, shekararsa 26. Tun da ya gama jami'a wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi, ya yi ta hawa mataki-mataki har ya kai Triple-A, matakin ƙarshe kafin babban lig ɗin MLB. Kaka biyu ke nan yana nan. Ana ta kiran abokansa sama, shi kuwa shiru. Yanzu wata ƙungiya a Koriya ta Kudu ta yi masa tayi, kuɗin ya ninka albashinsa ninkin ba ninki. Uban ya ce shi bai yarda ba, wai tafiya Koriya tamkar miƙa wuya ne. Amma ya tambaye ni, don ni na bar ƙasata na zo neman abinci, a ganinsa na san ciwon abin. Na ce ya ba ni kwana biyu. Me kuka gani?

Ɗan Pillars: Wa alaikumus salam Yaya. Tsaya tukuna. Besbol ɗin nan shi ne wanda ake sa hular hana-salla a riƙe taɓarya ana jiran a jefo ƙwallo?

Baban Ilham: Shi ne fa, ƙanena. Hular ma daga wurinsu ta samo asali, kai dai ka tsince ta a Kwari.

Kawu Na-Gwale: Ni ban san wasan ba, amma na san rayuwa. Uban yana da gaskiya. Mutum ya yi shekara da shekaru yana bin layi, saura mutum ɗaya a gabansa, sai ya fice? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ranar da za a kira sunansa yana can ƙarshen duniya, wani za a ba.

Injiniya: Kawu, da girmanka, ba layi ba ne irin na banki da za a ce wanda ya riga zuwa shi za a fara sallama. Bari in ɗan buɗe yadda abin yake. Manyan ƙungiyoyi 30 ne. Kowace tana da 'yan wasa 26 da ke bugawa a sama, da wani jerin mutum 40 da take karewa. Idan sunanka ba ya cikin arba'in ɗin nan, kafin a kira ka sai an cire wani. A ƙasa kuma akwai ƙananan ƙungiyoyi 120, huɗu-huɗu ga kowace babba, kuma duk shekara ana zubo sababbin yara daga makarantu. Ɗan shekara 26 da ya yi kaka biyu a Triple-A ba a sa shi a jerin ba, ƙungiyar ta riga ta gaya masa matsayinsa, baki ne kawai ba ta buɗe ba. Ajiye shi aka yi saboda bacin rana, in wani ya ji ciwo. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Baban Ilham: Injiniya ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ina zuwa kallon Durham Bulls, ƙungiyar Triple-A ta nan North Carolina, da yarana lokacin bazara, tikitin da sauƙi. Akwai wani ƙaton hoton bijimi a saman katangar hagu, in ɗan gida ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sai idanun bijimin su yi ja, hayaƙi ya riƙa fita ta hancinsa, yara su yi ta ihu. Amma ni idona yana kan benci. Za ka ga magidanta masu gemu, wasu sun haura talatin, suna zaune suna tofar da ɓawon 'ya'yan fure, kowa kunnensa na kan waya ɗaya da ba ta zuwa. Tausayi suke ba ni wallahi.

Ɗan Incheon: To Yaya, tunda ka ambaci Durham, daga filin nan naka amsar ta fito. Merrill Kelly. Ni na gan shi da idona lokacin da nake karatu a Incheon ta Koriya ta Kudu, kuma labarinsa kamar an kwafo na yaron nan ne.

Tampa Bay Rays ce ta ɗauke shi a 2010, a zagaye na takwas na zaɓen 'yan wasa, daga jami'ar Arizona State. Ya hau har Durham, ƙungiyarsu ta Triple-A. A 2014 ya ci wasa 9 ya faɗi 4, kuma matsakaicin makin da ake ci a kansa a cikakken wasa 2.76 ne, wanda duk mai bin wasan zai ce maka ya yi kyau ƙwarai. Amma dubi masu jifan da ke gabansa a Tampa a lokacin: David Price, Alex Cobb, Chris Archer, Jake Odorizzi. Ina zai shiga? Ko sau ɗaya ba a kira shi ba. A ƙarshen shekarar, yana da shekara 26, SK Wyverns ta Incheon ta ɗauke shi a kan dala 350,000.

Kaka huɗu ya yi, 2015 zuwa 2018. Ya ci 48 ya faɗi 32. A 2017 babu mai jifan da ya kai shi korar masu gora, wato masu dukan ƙwallon, a duk lig ɗin Koriya, 189. A 2018 suka doke Doosan Bears suka ɗauki kofin ƙasa. Ko wata guda ba a yi ba Arizona Diamondbacks ta ba shi kwantiragin shekara biyu na dala miliyan 5.5, kai tsaye a babban lig, babu komawa ƙasa. Ya fara bugawa a MLB a watan Afrilun 2019 yana da shekara 30. Ƙofar da ya tsaya a bakinta a Durham ba a buɗe ba, sai da ya zagaya ta Incheon sannan aka buɗe masa da girmamawa.

Kawu Na-Gwale: Mutum ɗaya ka kawo, yaro. Nawa ne suka tafi ba a sake jin ɗuriyarsu ba? Mai labarin cin riba a kasuwa shi ake ji, wanda ya karye ba ya zuwa majalisa.

Ɗan Incheon: Wannan gaskiya ne Kawu, ba zan musa ba. Zan ma ƙara maka makami. Baƙi uku kacal aka yarda kowace ƙungiya ta riƙe a lokacin da nake can, kuma ba renon su ake yi ba, sayo su aka yi don su ci wasa yau-yau. In ka yi wata biyu ana dukan ƙwallonka, kafin tsakiyar kaka an sallame ka an kawo wani. Na ga an yi wa mutane haka. Jaridunsu ba sa ragawa baƙo, domin albashinsa ya fi na yawancin 'yan gida. Amma ka tambayi kanka, wanda ya zauna a Triple-A ba a sallamarsa ne? Ana sallamarsa, kuma aljihunsa wayam.

Maman Sultan: Ku maza kullum lissafin suna da kofi kuke yi. Baban Ilham, yaron yana da iyali?

Baban Ilham: Yana da mata, Hajiya, kuma tana da juna biyu.

Maman Sultan: To ai magana ta ƙare. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Houston, na san abin da haihuwa da renon jariri ke ci a ƙasar nan. Injiniya, nawa ake biyansu a matakin nan?

Injiniya: Yanzu ma an samu sauƙi, Hajiya. Sai a 2023 'yan ƙananan lig suka samu yarjejeniyar ƙwadago ta farko a tarihinsu, bayan sun shiga ƙungiyar 'yan wasa. Mafi ƙarancin albashin Triple-A ya tashi daga dala 17,500 zuwa 35,800 a shekara. Na matakin Single-A, na can ƙasa, daga 11,000 zuwa 26,200. Gidan kwana ma sai a 2022 ƙungiyoyi suka fara ba su, kafin nan sai ka ga ƙarti biyar shida a ɗaki biyu a kan katifar iska. A 2018 majalisar Amurka ta ma yi doka ta cire su daga tsarin mafi ƙarancin albashi na tarayya. Wasu tsofaffin 'yan wasa sun kai ƙara, aka sasanta a 2022 a kan dala miliyan 185. Wannan duk a wasan da manyansa ke sa hannu a kan ɗaruruwan miliyoyi. A Koriya kuwa, tun 2019 iyakar abin da za a ba sabon baƙo a shekarar farko dala miliyan ɗaya ne. Ko rabin haka aka ba shi, ya haura albashin shekara goma a inda yake.

Maman Sultan: Kun ji ko? Dala 35,800 a Amurka, da mata da jariri. Mai tura gadon marasa lafiya a asibitinmu yana samun kusan haka, kuma shi kafaɗarsa ba ta da ranar ƙarewa. Mai jifa jijiya ɗaya ce a gwiwar hannu, ranar da ta tsinke shekara guda ko fiye zai yi a zaune. Ya je ya kwashi abin da zai kwasa tun hannun yana aiki.

Kawu Na-Gwale: Hajiya, ba komai ne kuɗi ba. Yaro tun yana ɗan shekara biyar uban ke jefa masa ƙwallo a bayan gida. Burin uban ya zauna a babban fili ya ga ɗansa ko da rana ɗaya ce. Ku ba ku haifi manya ba tukuna, ba za ku gane ba.

Injiniya: A nan kam Kawu yana da hujja ko ta fuskar kuɗin ma, kada mu danne. Mafi ƙarancin albashi a MLB a 2024 dala 740,000 ne, kuma da kwana ake lissafawa. Kwana goma a sama ya fi shekara guda a kan mafi ƙarancin Triple-A. In ka tara kwana 43 ka shiga tsarin fansho. Wannan ne igiyar da ke ɗaure su, kowa yana cewa saura ƙiris. Shi ya sa wasu ke kai shekara 32 suna saura ƙiris.

Ɗan Maraɗi: Ina gaisuwa manya. Ni abin da na gani, wannan ci-rani ne kawai aka sa masa riga. Mu nan in damina ta wuce matasa su nufi Kano ko Legas ko Aljeriya, ba wanda ke cewa sun miƙa wuya. Wanda ya zauna a gindin bishiya yana jiran gonar gado shi ake yi wa dariya. Bambancin kawai shi wannan jirgi zai hau, gida da tafinta suna jiransa.

Ɗan Pillars: Yauwa, yanzu na gane karatun. Ai Ighalo ne. Lokacin da ya bar Watford ya tafi Chana a 2017 kowa cewa ya yi ya bi kuɗi, ya gama yawo. Daga Chanar ya zo ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Afirka ta 2019, guda biyar, kuma daga Chanar Manchester United ta ɗauko shi aro a 2020. Da ya zauna dumama benci a Ingila wa zai tuna da shi?

Injiniya: Kwatancen ya yi kusa amma akwai bambanci, kuma bambancin ne zuciyar maganar. Ɗan ƙwallon ƙafa in kwantiraginsa ya ƙare ya tafi inda ya ga dama. A besbol na Amurka ba kai ke zaɓar ƙungiya ba, ita ke zaɓarka. Za ta iya riƙe ka shekara shida ko bakwai a ƙasa. In ka hau sama kuma sai ka yi wasu shekara shida kafin ka samu 'yancin yin ciniki da kowa, ukun farko a kan albashi kusan mafi ƙaranci. Wanda aka kira yana da shekara 27, sai ya kai 33 zai fara sa wa kansa farashi, lokacin hannu ya fara sanyi. Shi kuwa wanda ya dawo daga Koriya ko Japan, da 'yancinsa yake dawowa, ƙungiyoyi talatin su yi ta tayi. Erick Fedde kaka ɗaya tak ya yi a NC Dinos ta Koriya a 2023, ya ci wasa 20, ya zama gwarzon lig, Chicago White Sox ta ba shi dala miliyan 15 na shekara biyu. Eric Thames ya yi uku a NC Dinos ɗin, Milwaukee ta ba shi miliyan 16. Miles Mikolas ya yi uku a Yomiuri Giants ta Tokyo, St. Louis ta ba shi miliyan 15.5. Sai dai in faɗi gaskiya, su ukun nan duk sun ɗanɗana MLB kafin su tafi. Wanda bai taɓa taka ta ba ya je ya dawo ya kafu, irin Kelly, ba su da yawa.

Ɗan Incheon: Akwai ma wanda bai tsaya an ajiye shi ba sam. Carter Stewart. Atlanta Braves ta zaɓe shi na takwas a duk Amurka a 2018, yana gama sakandare, sai suka ce sun ga matsala a wuyan hannunsa suka zaftare kuɗin. Ya ƙi sa hannu. A 2019 yana ɗan shekara 19 ya tafi Fukuoka SoftBank Hawks a Japan, shekara shida, kimanin dala miliyan 7. Bai zo masa da sauƙi ba, ya daɗe a ƙananan ƙungiyoyinsu na can kafin ya samu gindin zama, sai a 2024 ya yi kakar da aka yaba.

Amma ni ba kuɗin ne ya fi burge ni a labarin Kelly ba. A Durham yau a sa shi ya buɗe wasa, gobe a ajiye shi ya karɓi wani a tsakiya. A Incheon aka miƙa masa ƙwallo aka ce kai ne mai buɗewa, duk bayan kwana biyar ko shida, shekara huɗu cur. Wasan turmi tara ne, kamar yadda ake ƙirga turmi a dambe, kuma ya jefa sama da turmi 700 a can. Mai gora ɗaya zai gan ka sau da yawa a kaka domin ƙungiyoyi goma ne kawai, dole ka ƙaro dabara ko su haddace ka. A nan ya zama abin da ya zama. Ba wai Amurka ta yi kuskuren ganinsa kawai ba ne, Kellyn da ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba.

Kuma Yaya ka gaya wa dattijon, kada ya ɗauka wani ƙauye ɗansa zai je. Filin Munhak na Incheon yana cin mutum sama da dubu ashirin. Kowane mai gora da waƙarsa, akwai jagoran kirari a kan dandamali da usur a bakinsa, ga ganga, jama'a a tsaye tun turmin farko har na tara. Har wurin gasa nama aka ware a cikin filin. Ni dai da ruwan roba da soyayyen dankali nake tsira, don kaji da giya ne abincin wurin. Wani ɗan ajinmu ya ja ni ranar farko, ban san dokar wasan ba, na fito muryata ta dishe.

Maman Sultan: Matar fa? Kowa na maganar filin wasa. Mace da tsohon ciki a ƙasar da ba ta jin yarensu, mijin rabin kaka yana kan hanya, babu uwa babu ƙanwa kusa. Na ce ya tafi, ban janye ba, amma a zauna da ita. Ko ta haihu a gida ta bi shi daga baya, ko a sa tikitin mahaifiyarta cikin yarjejeniyar. Irin wannan ne ke karya mutum a waje, ba masu gora ba.

Ɗan Incheon: Gaskiya ne Hajiya. Sauƙin dai ƙasar ƙarama ce, tafiya mafi nisa ita ce Busan, awa biyu da rabi zuwa uku a jirgin ƙasa mai sauri daga Seoul. Litinin kuma ba a wasa. In aka gwada da motar da suke kwana a ciki a ƙananan lig na Amurka, hutu ne.

Kawu Na-Gwale: To shi Kellyn naku, da ya dawo ya yi abin kirki ko dai kuɗin ya karɓa ya kwanta?

Ɗan Incheon: Kawu ai nan ne daɗin. A 2022 Arizona ta ƙara masa shekara biyu a kan miliyan 18, kuma ya jefa turmi 200 a kakar. A watan Maris na 2023 shi Amurka ta ba ƙwallo ya buɗe wasan ƙarshe na gasar duniya da Japan a Miami. Ranar bai ji daɗi ba, Munetaka Murakami ya aika masa da ƙwallo bayan katanga, Japan ta ci 3 da 2. Amma a watan Oktoba, wasa na biyu na World Series, jerin wasannin ƙarshe na cin kofin MLB, da Texas Rangers, ya yi turmi bakwai, maki ɗaya aka ci shi, ya kori mutum tara, Arizona ta ci 9 da 1. Shi ne kaɗai wasan da suka ci a jerin. Texas ɗin da ya hana barci ita ta zo ta saye shi a watan Yulin 2025.

Kawu Na-Gwale: Hmm. Allah mai iko. Amma ni har yanzu ina nan a kan bakana, a bar yaro ya ƙara kaka ɗaya. Akwai wani ɗan Afirka ta Kudu da jikana ya taɓa nuna mini, shekara kusan tara yana jira, kuma aka kira shi.

Injiniya: Gift Ngoepe, Pittsburgh Pirates, Afrilun 2017, ɗan Afirka na farko da ya buga MLB. Ya samu bugu mai kyau a karonsa na farko ma, filin ya tashi. Amma Kawu, duka-duka wasanninsa a sama ba su kai hamsin ba, a 2018 aka rufe babin. Ya samu ranarsa, ba wanda zai ƙwace masa. Ko ranar ta biya shekara tara, shi kaɗai zai faɗa.

Ɗan Pillars: Ni dai a tambayar mini ko Koriyar na neman mai tsaron gida. Ina da hular.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Ɗazu a wurin cin abinci na ba dattijon labarin Kelly, ashe ya san shi sarai, bai dai taɓa sanin daga Durham ya tafi ba. Na gaya masa maganar Kawu ita ma ban ɓoye ba, da ta Hajiya a kan matar, wadda ya ce ko a ransa bai kawo ba. Ya yi shiru yana juya cokali a kofi. Bai ce ya yarda ba. Abin da kawai ya tambaya, ƙarfe nawa ake fara wasa a can. Ɗan Incheon?

Ɗan Incheon: Shida da rabi na yamma a ranakun aiki. Biyar da rabi na asuba ke nan a wurinku lokacin bazara, goma da rabi na safe a Kano.

Baban Ilham: To ai lokacin na idar da salla ina zaune. Zan ce masa ni zan riƙa buga masa waya in tashe shi, shi kuma ya kawo shayi.